Tabarmar Kofur Salihu

Shekara goma sha ɗaya Salihu ya yi a gidan soja, amma bai taɓa harbin ko ƙadangare ba. Lokacin da aka ɗebe su daga Kano a farkon yaƙin basasa, wani hafsa ya tarar da shi yana kaɗa gwangwanin madara da cokali, ya ce wannan ba ɗan bindiga ba ne, a kai shi wurin 'yan badujala. A can ya fara da ganga. Daga baya samarin kudu da ke cikin ƙungiyar suka koya masa jita mai lantarki, irin wadda ake jona wa lasifika ta yi ta kururuwa, tare da wani kiɗa mai hayaniya da suke kira rok. Ya iya har ya fi waɗanda suka koya masa. Da gwamnatin soja ta fara rage mutanenta tana shirin miƙa mulki ga farar hula, sunan Kofur Salihu ya fito a cikin waɗanda aka sallama. Ya dawo gidansu na gado a Koki da matarsa Lami, da 'ya'ya maza biyu ƙanana, da akwatin ƙarfe, da wata jita ja naɗe a cikin bargo.

Gidansu gidan fataken goro ne tun kaka da kakanni, kuma yayansa Alhaji Gambo ne babba a gidan. Alhaji ya kalli jitar nan sau ɗaya, ya kawar da kai. Ya ce, "Salihu, kaf zuri'armu babu maroƙi. Wannan abin ka sa shi a ƙarƙashin gado." Salihu ya ce to. Ya kafa tebur a zaure yana gyaran rediyo, sana'ar da ya tsinta a bariki, kuma da yake hannunsa na da kyau, nan da nan rediyoyin unguwa suka taru a gabansa. Jita ta yi wata huɗu a ƙarƙashin gado ba wanda ya taɓa ta.

Amma akwai wata yarinya da ba ta cikin kayan da ya dawo da su. Kulu ke nan, 'yarsa ta fari, wadda Lami ta haifa masa yana can kudu. Da aka yaye ta, yayarsa Hajo, da Allah bai ba ta haihuwa ba, ta goye ta ta tafi da ita gidanta, lungu uku tsakaninsu da gidan gado. A gidan su Salihu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Uba ba ya faɗin sunansa, ba ya ɗaukarsa, ba ya tambayar ya ci ko bai ci ba, in ma an yi maganarsa a gabansa sai ya yi kamar da maƙwabci ake. Haka ubansu ya yi wa Alhaji Gambo har ya bar duniya, kuma ba wanda ya ce ba ya son sa. Saboda haka Kulu, mai shekara tara, takan zo kowace Juma'a ta durƙusa a bakin zaure ta ce, "Ina wuni, Baba," shi kuma ya amsa idonsa na kan cikin rediyo. In ya zama dole ya ambace ta sai ya ce yarinyar gidan Yaya Hajo. Gaskiyar magana kuwa, duk cikin 'ya'yansa babu wadda ta kai ta a ransa. Yakan ji tafiyarta tun daga kwanar lungu ya gane ta. Abin da yake so a duniya bai wuce yarinyar nan ta saki jiki da shi ba, kuma ba shi da wata hanya da al'ada ta yarda ya bi.

Waƙoƙin kuwa ba da shiri suka fara ba. Wata rana bayan la'asar an kawo masa gyaran lasifika, yana neman abin da zai gwada ta da shi, sai ya lallaɓa ciki ya jawo jita, ya jona da batirin mota. Ɗansa Sani na tsaye a gabansa, majina ta zubo masa har baki, yana shaƙa tana komawa, tana sake leƙowa. Salihu ya daki igiyoyin jita da ƙarfi har kajin gidan suka watse, ya rera:

Majinar Sani ta sauko gari,
Ta gai da leɓe, ta koma ɗaki.
Ja ta, Sani, ja ta ciki!

Sani ya shaƙa, daidai kan kiɗa. Yara biyar da ke wasa a waje suka faɗi ƙasa don dariya. Washegari yara ashirin ne a ƙofar gida tun kafin a idar da la'asar, suna ta jan hanci tare kamar an yi musu horo.

Daga nan abu ya buɗe. Ya yi waƙar kwarkwata mai hawa dutse a kan wane. Ya yi ta ɗan da ya haɗiye ƙwallon goruba yana jiran bishiya ta fito masa ta kunne. Wadda ta fi tashe ita ce waƙar tusa, domin ya gano yadda zai ja yatsa a kan igiyar nan mai kauri ta fitar da ƙarar sak, doguwa ko gajera, mai kunya ko mai fitsara. Yana da tsari guda da ba ya saɓawa. Kowace waƙa yakan bar gurbin suna a cikinta. In an zo wurin sai ya nuna yaro da wuyan jita, sauran su kwaɗa sunansa, a yi dariya, baiti na gaba kuma a koma kan wani. Kowa sai an taɓa shi, don haka ba mai fushi. Yaron da aka manta ba a sa shi a waƙar tusa ba ma shi ke tafiya gida da kuka.

Mutanen gida suka rabu a kan abin. Lami takan toshe kunne a tsakar gida tana cewa, "Ni dai na shiga uku, mazan mutane na kasuwa, nawa yana koya wa yara ƙazanta," amma an sha kama ta tana daka a kan amshin waƙar kwarkwata. Mahaifiyarsu 'Yardada, tsohuwar da ba ta da aiki sai tsokanar jikoki, ita ce babbar mai goyon baya. Daga ɗakinta take aiko da baiti, kuma nata sun fi na ɗanta muni, har wasu Salihu ya ƙi rerawa. Alhaji Gambo ne abin ya fi ci wa rai. Shekarar zaɓe ce, motocin jam'iyyu na ta zagaya lunguna da lasifika, shi kuma ya zama jigon jam'iyyarsa a unguwa, manyan mutane na zuwa ƙofar gidan da babbar riga. Ya kira ƙaninsa ya ce, "Ana maganar wanda zai riƙe ƙasa, kai kana nan kana waƙar tusa a ƙofar gidan ubanmu. Ba ka jin kunya?" Salihu ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai ba na karɓar ko sisi, Yaya, ba roƙo ba ne." Da ya shiga ɗaki ne ya ce wa Lami su ma masu yawo da lasifikar iska suke saki, tasa dai ba ta neman ƙuri'ar kowa.

Da don yaran unguwa kaɗai yake yi, da tsawar Alhaji ta isa ta mayar da jita ƙarƙashin gado. Abin da ba wanda ya lura da shi shi ne Kulu ta fara zuwa. Ranar farko can nesa ta tsaya, jikin falwaya, da tulun aike a hannu kamar wucewa take yi. Bayan mako guda ta matso dakalin maƙwabta. Kafin azumi ta kai bayan taron, tana tsaye da mayafi a baki. Salihu bai taɓa juyawa ya dube ta ba, bai kuma taɓa nuna ta da wuyan jita ba, don yaya za a yi ya sa a kira sunanta a gabansa da umarninsa? Da gefen ido yake auna taku nawa ta ƙara. Ranar da ya ga kafaɗunta na rawa tana ƙoƙarin danne dariya, daɗi ya hana shi cin tuwo. Yara arba'in yake tarawa ya yi wa waƙa don mutum ɗaya ta ji.

Aka ajiye kiɗa saboda azumi. Bayan salla, zaɓe ya wuce, jam'iyyar Alhaji ta samu abin da ta samu, Salihu ya fito da sabuwar waƙar da ya yi wata guda yana gyarawa a ransa. Ranar Kulu na zaune, karo na farko, a layin baya, cikin 'yan mata. Ya fara a hankali, sa'an nan ya saki jita:

Jiya na yi mafarkin rafi,
Na tuɓe riga na faɗa ciki.
Gari ya waye, ina rafin?
Sai tabarma ce take ɗiga.
Tabarmar wa?

Ya nuna Sani, aka ce, "Tabarmar Sani!" Ya sake zagayowa ya nuna wani. A zagaye na uku, kafin ya ɗaga wuyan jita, wata yarinya mai suna Dije, wadda ta taɓa kwana gidan Hajo lokacin wani biki, ta miƙe ta ƙwala da iyakar muryarta, "Tabarmar Kulu!" Wasu 'yan mata biyu suka dubi juna suka fashe da wata irin dariya da ba irin ta kullum ba. Sauran suka ɗauka.

A nan ne Salihu ya yi kuskuren da ya fi kowane ciwo a rayuwarsa, kuma ya yi shi ne saboda yana da tarbiyya. An ambaci 'yar fari a gaban uba, a bainar jama'a. Abin da ɗan mutunci zai yi shi ne ya yi kamar bai ji ba. Ya kafa ido a kan igiyoyi ya ci gaba da kaɗawa. Har ma wani daɗi ya ji a ɓoye, cewa yau dai sunanta ya shiga waƙarsa ba tare da ya fito daga bakinsa ba. Bai nuna wani yaron ba, domin ya rikice, sai yara suka yi ta maimaita sunanta, sau uku, sau huɗu, shi yana ba su kiɗa. Da ya saci kallon layin baya, wurinta ba kowa. Ya ɗauka Hajo ce ta aiko kiranta.

Juma'a ta zo, ba ta zo gaisuwa ba. Bai iya tambaya ba. Sai ranar Litinin da hantsi Hajo ta faɗo zauren ko sallamar kirki babu, mayafi a karkace.

"Kashe rediyon nan, Salihu."

Ya kashe. "Lafiya, Yaya?"

"Lafiyar ke nan. Kai da ka haife ta ba ka san komai a kanta ba, ni da na raine ta bari in gaya maka. Yarinyar nan tana fitsarin kwance. Tun tana ƙarama har yau. Babu rubutun da ba ta sha ba, babu saiwar da ban jiƙa ba. Shekara da shekaru ina tashi tun asuba in hau da tabarmarta kan soro in shanya inda ido ba ya kaiwa. Matan lungu sun ce in bari a ɗaura mata kwaɗo a ƙugu yara su zaga da ita suna mata waƙa, wai shi ne magani. Na ce duk wadda ta taɓa min 'ya sai na ga bayanta. Na tare duniya duka, ashe ta gida za a ɓullo min."

Salihu ya ajiye abin da ke hannunsa, Hajo ta ci gaba.

"Yanzu ko ina ta bi, tabarmar wa, tabarmar Kulu. A firamare, a makarantar allo, har bakin famfo. Kwana shida ke nan ba ta leƙa ƙofar gida ba. Ba ta yi kuka a gabana ba, da ma ta yi. Magana ɗaya ta faɗa min." Hajo ta gyara mayafinta, muryarta ta sauka. "Ta ce, Gwaggo, ai ya ji, bai daina kaɗawa ba."

Da Hajo ta tafi ya shiga wurin Lami ya tambaye ta ko ta sani. Ta ce ta sani. Ya ce me ya hana ta gaya masa? Ta dube shi da jajayen idanu ta ce, "Malam, ta ina zan fara yi maka maganarta? Ni da ko sunanta ba na faɗa." Gaskiya ta faɗa, kuma wannan ne abin haushin. Kowa a gidan ya yi abin da aka koya masa daidai, ba wanda ya kauce ko taku ɗaya, aka taru aka tozarta yarinya.

Ya tafi gidan Hajo da yamma, abin da bai taɓa yi don yarinyar ba. Ya yi sallama, aka shimfiɗa masa buzu, ya zauna. Yana jin motsinta a bayan labule. Kalma biyu ce ta rage, ya kira ta ya ce ta fito, amma harshensa ya yi nauyi, shekara tara na rashin kira suka danne shi. Ya sha ruwa, ya yi wa yayarsa zancen tsadar batir, ya tashi ya fito yana tsine wa kansa a zuci.

Ya daina kiɗa. Hakan bai hana komai ba, waƙa ta riga ta bar hannunsa, yara ba sa bukatar jita kafin su rera ta. Alhaji Gambo ya ce, "Ka ga abin da nake faɗa maka ko?" sa'an nan, da yake shi ma yarinyar na ba shi tausayi, ya ce a samo dorina a zane duk yaron da aka ji da waƙar. Salihu ya ce a'a. Ya zauna da yara ya san halinsu. In ka doke su a kan magana, ka tabbatar musu gaskiya ce, kuma za su koma yin ta a inda ba ka gani. Yara ba sa sakin abin tsokana sai sun sami wanda ya fi shi daɗi.

Saboda haka bayan kwana uku ya fito da jita, yara suka taru, ya ɗauko waƙar rafi. Da aka zo "Tabarmar wa?" sai ya juya wuyan jita ya nuna ƙirjinsa, ya yi ihu da kansa, "Tabarmar Kofur!" Ya ƙara baiti, cewa tun yana bariki shi ne mai jiƙa katifar gwamnati. Yara suka yi dariya sosai, amma dariyar wasa ce. Wani mai wayo a cikinsu ya ce, "Kai, Baba Kofur, soja guda? Ƙarya ne!" Suna watsewa ya jiyo su a kwanar lungu sun koma kan sunan da suka saba.

Washegari da sassafe, bayan an dawo daga masallaci, lokacin da yara ke fitowa zuwa makaranta, Salihu ya ɗauki tabarmar kwanansa, ya tsiyaya mata ruwan buta a tsakiya, ya fito da ita ya rataya a kan katangar ƙofar gida, ɓangaren titi, tana ɗiga. Ya tsaya kusa da ita yana sosa ƙeya kamar wanda aka kama. Yaron farko da ya gani ya yi turus, ya juya da gudu ya kirawo sauran. Kafin azahar babu gidan da labari bai shiga ba a Koki. Gobe ma ya shanya. Jibi ma haka.

Wannan karon gidan ya ɗauki zafi na gaske. Ranar ɗaya ga Oktoba, ranar da soja suka miƙa mulki, duk rediyoyin da ke kan teburin Salihu na watsa bikin, 'yan jam'iyya sun cika ƙofar gida sun zo taya Alhaji Gambo murna, ga tabarma a kan katanga tana tsiyaya a gefen takalmansu. Alhaji ya ja ƙaninsa gefe.

"Sauke abin nan."

"Yaya, ka yi haƙuri. Ba zan sauke ba."

Tunda aka haife shi bai taɓa ce wa Alhaji haka ba. Alhaji ya ce, "Na riga na yi maka magana a sabon ofishin da za a buɗe, shugaban masu gadi, tsohon soja suke nema. Wa zai ɗauki mai fitsarin kwance ya ba shi gadi?"

"Babu, Yaya."

Ba a kuwa ɗauke shi ba. Alhaji ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwarsa. Lami ta je gidan suna ta dawo tana kuka, wai mata sai jajanta mata suke, "Ashe haka kike fama, baiwar Allah, shekara goma?" Ta san ruwan buta ne, ita ke cika butar, amma ta cije ba ta tona ba. 'Yardada kuwa ba wanda ya yi mata bayani. Ta leƙo sau ɗaya ta ga tabarma, ta koma ɗakinta ko tsokana babu, abin da ba halinta ba. Daga ranar duk matar da ta shigo gaishe ta sai ta ce, "Salihu? Ai tun yana yaro haka yake. Tabarma nawa ya ruɓar min!" Ƙarya ce tsagwaronta, kuma ita ce ta sa unguwa ta gaskata, don wa zai musa wa uwa?

Yara suka samu abin da ya fi daɗi. Ina 'yar shekara tara, ina ƙaton soja mai gashin baki? Waƙa ta koma kan Kofur ta zauna daram. Suka laƙaba masa Kofur Mai Shanya, sunan da ya bi shi har kabari. Ya yi shekara ashirin da wani abu bayan haka yana gyaran rediyo, daga baya rakoda, yana yi wa yara waƙa bayan la'asar har sai da yatsunsa suka daina lanƙwasuwa. Waɗanda suka ja hanci a gabansa sun kawo nasu 'ya'yan sun ja. Ba a taɓa saka shi a gaba a wani sha'anin unguwa ba, ba a neman shawararsa a ɗaurin aure, in ya yi magana a taro akan sami mai murmushi. Ya san abin da ya saya da abin da ya bayar, kuma ba a taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Amma a waɗancan makonni na farko bai san ko ya sayi wani abu ba. Kulu ta koma makaranta a mako na biyu, Sani ne ya kawo labari. Sai dai ba ta bin lungunsu, takan yi dogon zagaye ta bayan masallaci. Juma'a biyu suka wuce ba gaisuwa. Yana iya yiwuwa ya cire ta daga bakin yara amma ya rasa ta duk da haka, wataƙila ma yanzu kunyarsa take ji a kan haushin da take ji. Wannan tunanin ya fi zagin Alhaji ci masa rai. Kullum da safe yana tsiyaya ruwa yana jin kansa wawa, kuma bai san ranar da zai daina ba.

Ranar wata Laraba, gari ya yi haske amma lungu bai cika ba, yana tsugune a zaure da buta a hannu, ya shimfiɗa tabarma zai jiƙa, sai ya ji takun da ya sani. Bai ɗago ba. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta durƙusa ba, saboda tana rungume da wani abu dogo a ƙarƙashin mayafi.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau." Idonsa na kan buta.

Har ya zaci ta tafi. Sa'an nan ta ce, da ƙaramar murya, tana kallon ƙasa, "Baba, sun fara ganewa."

Bai san lokacin da ya ɗago ya dube ta ba. Rabon da ya kalli fuskarta sosai tun tana cikin zanen goyo. Ashe tana da ɗan tabo a haɓa, bai san inda ta samo shi ba.

"Su wa?"

"Su Dije. Sun ce ruwa ne. Wai in ta bushe ba ta yin shata, kuma ƙuda ba ya bin ta. Jiya wani ya je ya shinshina." Ta dubi butar. "Ta gaske tana yin shata, rawaya-rawaya, a gefe. Kuma ba a tsakiya take tsayawa ba, gangarawa take yi wajen ƙafa."

Salihu ya dubi tabarmarsa, ya dubi butar. Duk dabararsa ta soja, ashe aikin ɗan koyo yake yi.

Kulu ta zaro abin da ke ƙarƙashin mayafinta. Tabarma ce a naɗe, ɗaure da tsumma, gefenta ya yi duhu da laima. Warin ya cika zauren. Ta miƙo masa da hannu biyu, abin da Hajo ta yi shekaru tana ɓoye wa duniya a kan soro.

"Gwaggo ba ta san na fito da ita ba. Ka shanya wannan."

Ya ajiye buta ya miƙe. Ya karɓa da hannu biyu shi ma, ya rungume tabarmar a jikin farar rigarsa da ya yi sallar asuba da ita, laimar na ratsawa har fatarsa. Idonsa ya cika, bai yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Ya fita ya kwance tsumman, ya warware tabarmar a kan katanga, ya gyara ta yadda shatar za ta fuskanci titi sosai. Da ya dawo tana nan tsaye inda ya bar ta.

"Gobe ma in kawo?" ta ce.

"Ki kawo," ya ce. "Ki biyo ta lungun nan, ya fi kusa."